Yadda Aka Sauke Sha'aibu Dogo Daga Muƙamin Talakan Gida

Taƙaitaccen bayani, domin wanda ba shi da sukunin karanta sauran: a ranar Asabar ta biyu bayan an gama ɗaurin gero, a zauren Alhaji Abdurra'uf da ke Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, a gaban limamin unguwa da shaidu tara, an sauke Malam Sha'aibu Dogo daga muƙamin talakan gidansu, muƙamin da ya riƙe shekara goma sha ɗaya ba a taɓa samunsa da sakaci ba. Ba a yi masa sharri ba, ba a kuma ƙara masa ko da harafi ɗaya ba. Hujjar da ta kayar da shi da hannunsa ya rubuta ta, da bakinsa kuma ya nemi a karanta ta. Cikakken bayani shi ne kamar haka.

Kowane babban gida yana da talakansa, kamar yadda yake da alhajinsa da malaminsa da mai rigimarsa. A gidan su Sha'aibu, wansa Abdurra'uf ne ya riga kowa ɗaukar alhazanci, da gonakin gero da na riɗi da motar ɗaukar kaya. Da Sha'aibu ya duba abin da ya rage, sai ya ga talauci ne kaɗai babu mai nema, ya kuma lura cewa yana da albashi. Duk kaka, idan Alhaji ya fitar da zakkar gero, dami ɗaya cikin kowane goma, dami shida na farko gidan Sha'aibu ake kai su a amalanke. Da layya akwai cinyar rago. Da ƙaramar Sallah akwai turmin atamfa na matarsa Rahamatu. Idan kuma aka zauna rabon gudummawar biki ko suna, da an zo kan sunansa sai a yi gyaran murya a wuce.

Bai ɗauki aikin da wasa ba. Yana da shuɗiyar riga wadda rana ta cinye launinta, da faci a kafaɗar hagu, ba ya sa ta sai zai je gidan wansa. Idan aka ce masa "Ya gida?" ba ya gaggawar amsawa. Sai ya dubi ƙasa, ya ja numfashi, sannan ya ce "To, da godiya," da irin muryar da ke sa mai tambaya ya fara laluben aljihu.

Sana'arsa ta fili ita ce dillancin awaki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ta ɓoye kuwa tana wata ruga a bayan Gagarawa, a hannun wani makiyayi mai riƙon amana da ake kira Ɗantala: raguna tara, tumaki goma sha huɗu, da farin bijimi guda wanda Sha'aibu kan tuna da shi ya yi murmushi shi kaɗai a kan hanya. Ba shi ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Tun kakanni an san cewa mai hankali ba ya ɗaure dabbarsa inda dangi za su ji kukanta. A duk Ɗanzomo Rahamatu ce kaɗai ta san da zancen, kuma shirunta yana cin turare kwalba ɗaya duk wata.

Mutum na uku da ya sani shi ne Yazid, mai sayar da dusa da harawa a Gagarawa, wanda ke kai wa dabbobin abinci idan rani ya tsananta. Shekararsa arba'in, wayoyinsa biyu, kuma bai taɓa yarda cewa an biya shi ba sai an kawo shaida. Wata rana suna cikin musun buhu biyu, Yazid ya ajiye mudu ya ce:

"Dogo, kai da ka iya surutu, me ya sa kake yinsa kyauta? Akwai dandalin da ake biyan mutum idan ya yi rubutu."

"Wa zai biya ni? Gwamnati?"

"Mutanen duniya. Ka sa hoton raƙumi, ka faɗi abin da ka sani a kansa. Duk wanda abin ya burge sai ya danna maka, dannawar ta zama sulalla, ni kuma in saye su a hannunka, ko ka biya ni dusa da su."

Sunan dandalin na Turanci ne mai wuyar faɗi, don haka 'yan yankin suke ce masa Rumfar Sisi. Yazid ya bayyana masa cewa an gina shi a kan wani kundi da ake kira bulokcen, wanda ake kwafarsa a dubban na'urori a ƙasashe daban-daban, ta yadda duk abin da ya shiga ba ya fita. Ba irin fayil ɗin ofis ba ne, wanda idan magana ta yi nauyi gara kan taimaka ta cinye shafin da ya dace.

"Ba ya gogewa?" in ji Sha'aibu.

"Har abada."

"Ko kai ba ka iya goge shi?"

"Ko mai dandalin."

Wannan ne ya ja hankalin Sha'aibu, fiye da sulallan. A ƙarshe ya sami wurin da zai biya Yazid, Yazid ya kasa musantawa. Tun daga ranar, duk sanda zai tura masa sulalla, sai ya cika ɗan gurbin bayanin da ke ƙasa da abin da aka biya, dalla-dalla, wani lokaci har da nasiha. A ransa gurbin nan kamar wasiƙa ce a cikin ambulan, daga shi sai Yazid. An gaya masa ba ya gogewa. Bai tambayi wa ke iya gani ba, Yazid kuma ba ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Rubutun ya karɓu. Ya sa hoton raƙumi yana hamma. Ya yi bayanin yadda ake buɗe bakin akuya a ƙirga haƙora a san shekarunta, da yadda fataken Damagaram ke ciniki da sefa suna rantsuwa da naira. Akwai wani mutum a wata ƙasa mai ƙanƙara da ba ya barin hoton raƙumi ya wuce bai danna ba. A ƙarƙashin kowane rubutu kuwa dandalin yana nuna abin da ya samu, da dala, cikin koren rubutu, a saman shafin kuma ga jimilla. Sha'aibu yana ganin lambar, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa wani ɗan Ɗanzomo zai bi ta wannan rumfa ba.

Wata goma sha huɗu ana haka. Sai Mansura, 'yar Alhaji Abdurra'uf da ke aiki a wani kantin magani a Gumel, ta shiga neman farashin raguna a waya, ta ci karo da fuskar baffanta yana riƙe da leɓen akuya. Da zuciya ɗaya ta ɗauki hoton shafin ta sa a guruf ɗin dangi na waya, ta rubuta: "Ma sha Allah, Baffa ya zama marubuci." A saman hoton, da kore, an rubuta dala ɗari uku da arba'in.

Babu wanda ya karanta bayanin haƙoran akuya. Kafin la'asar lambar ta zama dubu uku a Sule Tankarkar. Da ta isa Gumel ta dawo, an daina faɗin adadi, sai dai a ce "abin ba ya faɗuwa."

Washegari ɗan acaɓar da ya saba ɗaukarsa rabin kuɗi ya ce, "Alhaji, ai yanzu kai za ka taimaka mana." Mai shayi ya zuba masa madara ba a tambaya ba, ya kuma rubuta kuɗinta a lissafinsa. Wata gwaggo da ba ta taɓa taka gidansa ba ta zo da takardar asibiti. Ya sa shuɗiyar rigar ya zaga gari, ya yi "To, da godiya" mafi kyau da ya taɓa yi, aka ce, "Kai, ji tawali'u irin na masu shi."

A gida Rahamatu ta tare shi da kwanon cefane a hannu.

"Malam, ashe dala kake ci, ni kana ba ni kuɗin kuka da daddawa?"

"Wace dala? Rabi na masu dannawa ne, rabin sauran a kulle yake, abin da ya rage Yazid ya yanke nasa."

"Ni dai kore na gani. Kuma turaren nan na wata-wata, an ƙara masa kuɗi."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar ta zo ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, da Alhaji Abdurra'uf ya riƙe hannunsa ya ja shi gefe.

"Sha'aibu, bana sai mun zauna da Liman kafin a fitar da zakka. Ba don komai ba. Ina tsoron in ba da abin da ba za a karɓa mini ba."

"Yaya Alhaji, wallahi..."

"Kada ka rantse. Ka zo ranar Asabar ta sama."

Dami shida ke nan a bakin rijiya, da cinyar rago, da atamfa, da gyaran muryar nan mai daraja ta ranar rabon gudummawa. Sha'aibu ya hau mota zuwa Gagarawa ya ce wa Yazid a goge shafin gaba ɗaya.

"Ba ya gogewa," in ji Yazid. "Ai shi ya sa ka so shi."

"To a rufe lambar."

"Ba ta rufuwa. Sun ce gaskiya ce tushen abin, kowa ya ga na kowa."

"Su waye suka ce? Suna da dangi kuwa?"

Da ya ga babu mafita ta nan, sai ya yanke shawarar ya mayar da martani a inda aka kama shi. Ya sa shuɗiyar rigar, ya tsaya a gaban rumbunsa, wanda ya kwashe geron cikinsa zuwa ɗakin Rahamatu tun da safe, ya sa aka ɗauke shi hoto. Ya rubuta dogon bayani cewa shi talaka ne ɗan talaka, cewa lambar da ake gani ba ta sayen buhun gero biyu a wata, cewa dangi sun juya masa baya saboda koren rubutu. Ya yi shi ne domin 'yan Ɗanzomo. Amma mutumin ƙasar ƙanƙara ya gani, ya ji tausayi, ya kira abokansa. Cikin kwana uku rubutun ya tara dala sittin da ɗaya, abin da raƙumi bai taɓa samu ba. Wani ya ɗauki hoton wannan ma ya sa a guruf.

Ranar Asabar aka hallara a zauren Alhaji bayan hantsi. Dammunan zakka suna jingine a waje, an ware su, amalanke na jira. Liman ya zauna a kan buzu. An kira Mansura daga Gumel domin ita ta iya shiga lungunan dandalin, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida da waya a hannu. A can gefe, kusa da dammunan, akwai Iya Yelwa, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli wadda mijinta ya rasu ya bar mata jikoki huɗu. Shekara goma sha ɗaya tana bayan Sha'aibu a layi, tana samun dami ɗaya idan ya ragu.

Liman ya buɗe da addu'a, sannan ya ce abin dubawa ɗaya ne: shin Malam Sha'aibu yana da abin da zai ci da iyalinsa shekara, ko ba shi da shi.

Sha'aibu ya kwana biyu yana shiri. Ya miƙe, ya gyara facin kafaɗarsa yadda kowa zai gani.

"Allah gafarta Malam, an ce kundin nan ba ya ƙarya. To ni ma na yarda da shi. Kada a tsaya a kan lambar sama. A shiga ciki, a karanta abin da ya shigo hannuna da gaske, a gaban kowa."

Mansura ta shiga ciki ta karanta. Kuma abin mamaki, gaskiyarsa ce. Rabin lambar ya tafi ga masu dannawa. Rabin abin da ya rage a kulle yake, ba ya fita sai kaɗan-kaɗan cikin makonni. Darajar sulallan ta faɗi sau biyu. Da aka buga lissafi, abin da ya fita daga asusunsa cikin wata goma sha huɗu bai wuce naira dubu tamanin da bakwai ba, shi kuma ya ce ya sayi datar dubu hamsin da biyu, babu wanda ya musa.

Gwaggon nan mai takardar asibiti ta ce "Ashe," da muryar wadda aka cuta. Alhaji Abdurra'uf ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. Liman ya gyara zama ya ce, "To, idan haka ne, ai babu abin da ya canza. A ɗora masa..."

Da Sha'aibu ya zauna a nan, da yanzu yana kan muƙaminsa. Amma mako biyu ana kiransa Alhaji a kan titi, kuma bai taɓa cin nasara a gaban jama'a ba, daɗinta ya hau masa kai.

"A'a, Allah gafarta Malam. A ƙarasa. An zarge ni a fili, a wanke ni a fili. Mansura, karanta duk inda na tura, layi-layi, kowa ya ji ƙanƙantar abin."

Mansura ta dubi wayar, ta dubi baffanta.

"Baffa, ai an gama. A bar shi haka."

"Kin ga? Da lambar ƙarya ce, har da ma sha Allah. Yanzu da ta gaskiya ce, a bar shi haka."

"Baffa, akwai rubutu a gefen kowane layi."

"Lamba ce da sunan Yazid. Karanta!"

"Baba?" in ji ta, tana neman mahaifinta ya cece su duka.

"Baffanki ya ce ki karanta," in ji Alhaji.

Ta karanta, da muryar mai karanta takardar magani.

"Zuwa ga Yazid, sulalla arba'in. Bayani: na dusar raguna tara, wata biyu. Kada ka ce ban biya ba."

Wani daga cikin shaidu ya yi tari.

"Zuwa ga Yazid, sulalla ashirin da biyar. Bayani: na allurar tumaki goma sha huɗu. Ka gaya wa Ɗantala baƙar nan tana ɗingishi."

"Dillali ne," in ji Sha'aibu da sauri. "Dabbobin mutane ne. Amana ce."

Liman ya gyaɗa kai, domin bayanin yana da ma'ana. Mansura ta rufe ido kaɗan, ta ci gaba.

"Zuwa ga Yazid, sulalla sittin. Bayani: na harawar bijimina. Nawa ne, ba na kowa ba, don haka a ba shi mai kyau." Ta ja numfashi. "Zuwa ga Yazid, sulalla goma. Bayani: wannan na bakinka ne. Idan ka haɗu da Yaya Alhaji a kasuwa, ba ka san ni ba. In ya ji, geron bana ya tafi."

Babu wanda ya yi dariya nan take. Iya Yelwa ce ta fara, daga can wajen dammuna, wata siririyar dariya mai kama da tari, sannan zauren ya ɗauka. Alhaji Abdurra'uf bai yi ba. Ya daɗe yana kallon facin kafaɗar ƙaninsa, kamar mai son sanin telan da ya ɗinka shi.

"Fari ne ko baƙi?" ya tambaya.

"Wa?"

"Bijimin."

"Fari," in ji Sha'aibu, kuma duk da halin da yake ciki, sai da muryarsa ta ɗan yi alfahari.

Liman ya ce a iya saninsa, mai bijimi da raguna tara da tumaki goma sha huɗu yana da abincin shekara, har da na baƙo. Game da shekarun baya kuwa, ya ce Alhaji ya bayar bisa abin da ya gani, sauran magana tana tsakanin Malam Sha'aibu da Ubangijinsa, wanda kundinsa ya riga na Turawa. Aka ɗora dami shida a amalanke, aka bi Iya Yelwa da su. Kafin a tashi, sai aka tuna cewa bikin ƙanwar Mansura saura wata biyu, kuma tunda ga dangi a zaune, gara a raba gudummawa. Da aka zo kan sunan Sha'aibu babu wanda ya yi gyaran murya. Aka rubuta masa rago.

A gida ya tarar labari ya riga shi. Rahamatu ta ninke shuɗiyar rigar da ya cire, ta ce za ta yi tsumman goge fitila da ita.

"Ko ba komai kin huta da riƙon sirri," in ji shi. "Zancen turare ya ƙare."

"Na riƙon sirri ya ƙare, Alhaji. Yanzu na matar mai bijimi za ka saya."

Ya rubuta labarin abin da ya same shi a Rumfar Sisi, yana gargaɗin jama'a cewa duk dandalin da zai nuna wa duniya aljihun mutum, to waɗanda suka gina shi ba su taɓa zama a gidan gado ba. Mutumin ƙasar ƙanƙara bai danna ba. Ya tambaya dai ko akwai sabon hoton raƙumi.

Abin da al'amarin ya ci, bisa ƙididdigar da shi Sha'aibu ya amince da ita: gero dami shida, duk shekara, har illa ma sha Allahu. Cinyar rago ɗaya da turmin atamfa ɗaya, su ma duk shekara. Rago ɗaya na biki, saura takwas. Data, naira dubu hamsin da biyu. Kuɗin mota zuwa Gagarawa da dawowa, sau uku. Sulalla goma na bakin Yazid, waɗanda bai mayar ba, domin a cewarsa shi bai faɗa wa kowa ba. Shuɗiyar riga ɗaya, da facinta. Abin da rubutun gargaɗin ya samu: ƙasa da rabin dala, kuma yana nan a rubuce, da kore, ga duk mai son gani.